Rabin Tanon Gwaggo

A shekararmu ta biyu a jami'a, a Yamai, malaminmu na darasin fassara ya shigo aji wata safiya da wasu takardu huɗu da ya buga. Ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya mayar da takardun daga Faransanci zuwa harshensa: masu Hausa su yi Hausa, masu Zabarmanci su yi nasu, haka masu Fulatanci da Tamajak. Da muka duba sai muka ga ɗan littafin nan ne da ake haɗawa da kaya idan an saye su, kuma kayan wani babban baho ne na ruwan zafi da masu hali ke girkawa a gidajensu a Turai da Amurka, su shiga su zauna ruwa na ɓulɓulowa ta ko'ina. Aji ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, mu da muke layin famfo tun asuba, ina mu ina wannan?" Malam ya ce shi ya sa ya zaɓe shi, don kowa na iya fassara abin da ya saba da shi, amma a nan ne za a ga wanda ya san harshensa.

Mun kwana uku muna fama da takardun. Abin da ke ciki duka hidima ce. A auna ruwan sau biyu ko uku a mako da wata ƴar takarda mai sauya launi. A tabbata ma'aunin tsaminsa yana tsakanin 7.2 da 7.8. A zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, dangin ruwan jabel ɗin da muke wanki da shi. A cire matatar a wanke ta. A rufe bahon idan ba a amfani da shi. A zubar da ruwan gaba ɗaya duk bayan wata uku ko huɗu, a goge cikin, a zuba sabo. Sai wani gargaɗi da aka rubuta da manyan baƙaƙe: kada zafin ruwan ya wuce digiri 40, kuma mai ciki da mai ciwon zuciya su nemi shawarar likita kafin su shiga. Ni na fassara wannan layin. Na tuna na yi ta jayayya da wata ƙawata ƴar Damagaram a kan ko za mu ce «matata» ko «rariya». Ita ta yi nasara, muka rubuta matata.

Saboda son sani na ɗan yi bincike a kan sunan da aka fi kiran bahon da shi, wato Jacuzzi. Ashe sunan wasu dangi ne ƴan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya suna ƙera famfuna. Ɗaya daga cikinsu, Candido Jacuzzi, yana da ƙaramin ɗa mai ciwon gaɓoɓi, shi ne ya ƙera wani famfo da ake sakawa a bahon gida ya riƙa motsa ruwan ɗumi don yaron ya samu sauƙi. Sun fara sayar da shi a 1956, sai a 1968 suka fito da baho mai haɗe da famfonsa. Na rubuta wannan a gefen kayena, na manta da shi. Mun samu maki mai kyau, shi ke nan.

Wata biyar bayan haka, gab da bakansi, Inna ta kira ni a salular maƙwabcinmu. Ta ce Yaya ta zo gida wanka, cikinta ya tsufa, kuma tunda damina ce kowa na gona, ni za ta dogara da ni. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu idan aka ce mace «ta tafi wanka» ana nufin ta koma gidan iyayenta don haihuwar fari, ta zauna har ta yi arba'in. Kalma ɗaya ta haɗiye haihuwa da jinya da hutu da komai. Na hau mota na bi ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, na kwana a Maraɗi, washegari na kama hanyar arewa zuwa Dakoro, daga nan kabu-kabu ya kai ni Korahane. Na tarar Yaya ta sauka da kwana biyu, ɗiya mace, kuma tanon Gwaggo yana bisa murhu yana huci.

Bari in gaya muku mene ne tanon Gwaggo. Ganga ce ta ƙarfe irin mai cin lita 200, wadda ƴan Nijeriya ke ce wa duro, mu kuma muka ari sunanta daga Faransanci muka mayar da shi tano. Tun kafin a haife ni aka kai ta wajen maƙeri ya raba ta biyu, ya lanƙwashe bakin don kada ya yanki mutum, ya yi mata kunnuwa biyu da rodi. Rabi ɗaya ya ɓace a wajen aro. Ɗayan kuwa yana hannun Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. A cikinsa aka dafa ruwan wankan Inna lokacin da ta haife mu mu shida. Rabin matan unguwarmu a cikinsa aka dafa nasu. Gindinsa yana da faci uku, kowanne Gwaggo ta san shekarar da aka yi shi da matar da ake wa wanka a lokacin. Ba ta yarda a jiƙa gero a ciki, ba ta yarda a yi wanki, ba ta yarda yaro ya buga shi. Idan ta ba da aronsa, ita ke bin sa da kanta.

Ranar da na iso, ko takalmi ban gama cirewa ba ta ce, "To ƴar lakkwal, kin zo daidai. Tano naki ne, wanka nawa ne." Haka aka raba aikin. Ita ke shiga makewayi da Yaya, ni kuma duk abin da ke gaban wannan da bayansa a wuyana yake.

Aikin yana farawa ne tun jiya da dare. Bayan wankan la'asar, idan ƙarfen ya huce, sai in karkata tanon in zubar da sauran ruwan da ganyen da ya dahu ya kwanta. Idan aka bar ganyen ya kwana, da safe ruwan zai yi wani wari kamar na tafkin da ya fara ƙafewa. Sai in ɗebo toka daga murhu in haɗa da yashi mai laushi, in goge cikin da tsumman buhu. Ruwanmu yana barin wani farin ɓawo a jikin ƙarfe, kwana uku kawai idan ba a kankare shi ba sai ya yi kauri, kuma Gwaggo ta ce tano mai ɓawo ya fi cin itace. Da farko na ɗauka faɗa ce kawai ta tsofaffi, daga baya na lura gaskiya ne, ruwan ya fi jinkirin tafasa. Bayan gogewa sai ɗauraya, sai a kife shi a kan duwatsu biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Idan aka kife shi a kan ƙasa mai laima, kafin safe bakin ya yi jan tsatsa. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ruwan safe ya fito ja-ja, Gwaggo ta sa na zubar da bido uku a banza, kuma ta yi kwana biyu tana ba duk wadda ta shigo barka labarin.

Sai ruwa. Kowane wanka bido uku ne, irin rawayan nan masu lita 25, safe da la'asar. Ƙanena ke ɗora su a amalanken jaki ya kai famfo, amma da damina jakin ma yana da aikinsa a gona, don haka sau da yawa ni ke ɗaukowa a ka, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da famfo bai kawo ba sai rijiya, kuma duk wanda ya san ƙasar Dakoro ya san rijiyoyinmu ba na wasa ba ne, dabba ce ke jan guga, ta yi nisa da igiya kafin wasaki ya leƙo. Akwai tafki kusa da ya cika da ruwan sama, kyauta, amma Gwaggo ta ce ruwan da shanu suka shiga ba zai taɓa jikin mai jego ba, ko an tafasa shi. A wannan kam ni da ita bakinmu ɗaya.

Sai itace, wanda ya fi ruwa wuya. Lita 75 ba ta tafasa da ƙirare. Tun da rani Baba ya fara tara guma-gumai a bayan rumbu saboda wannan haihuwar, ya rufe su da tsohuwar leda. Ba a sare icce ɗanye yanzu kamar da, mutane sun koyi barin toho a gonakinsu su riƙa sassabe rassan kawai, kuma ma'aikatan daji suna zagayawa. Abin da Baba ya tara ya ƙare a kwana na ashirin da biyar. Daga nan muka koma karan bara da busasshen kashin shanu da abin da mijin Yaya ya aiko da kuɗinsa. Idan ruwan sama ya sauka da dare ya jiƙa itacen, to ranar hayaƙi zan sha har idanuna su yi ja, ina fifita da faifai ina tari.

Sai ganye. Kullum da safe in karyo rassan bedi daga bishiyar ƙofar gida, in haɗa da sabara da ƙanena ke kawowa daga gona. Wasu ana dafa su cikin ruwan, wasu a ɗaure su dami guda, da shi Gwaggo ke tsoma ruwan tana fyaɗa wa Yaya a jiki. Sai makewayin kansa. Ruwa mai yawa haka sau biyu a rana yana cin gindin katangar ƙasa, don haka na haƙa ƴar hanya na zuba tsakuwa, na karkata ta zuwa gindin bedi. Duk bayan kwana biyu sai na buɗe hanyar, in ba haka ba ruwan ya kwanta sauro ya samu gida, ga jaririya a ɗaki.

Wani dare na zauna da fitilar salula na yi lissafi a bayan kayena. Bido shida a rana, kwana arba'in, bido 240 ke nan, wato lita 6,000. A dala biyar kowane bido, jika shida, ban da itace, ban da ƙafafuna. Sai takardun nan na aji suka faɗo mini. Bahon da muka fassara littafinsa yana cin lita dubu da ɗari biyar ko ƙasa da haka, kuma ruwa ɗaya ake riƙewa wata uku ana tace shi ana sa masa magani. Ashe mu da muke ɗauko ruwa a ka mun ninka mai bahon nan sau huɗu a kwana arba'in kacal. Shi yana kashe kuɗi a kan lantarki da sinadari don ruwansa ya daɗe, mu muna kashe itace da ƙarfinmu don mu samu sabo kullum. Na yi dariya ni kaɗai, na tuna yaron nan na bayan aji.

Da yake abin da nake karanta ke nan, kunnena ya riƙa kama kalmomin da matan ke amfani da su. Ba wadda ke cewa ana wanke mai jego don ta yi tsabta. Cewa suke jikinta ɗanye ne. Cewa suke a gasa ta da kyau. Idan mace ta yi arba'in ta fito fes sai a ce ta gasu, idan ta riƙa ciwo bayan shekaru sai a ce tun farko ba ta ji wuta ba. Kalmomin murhu ne duka, waɗanda ake yi wa nama da tukunyar da maginiya ta gina. Abokin gāba kuma sunansa sanyi. Sanyi ne ke shiga ta inda haihuwa ta buɗe, ya kwanta a jiki, ya kumbura ƙafa, ya kawo tari. Maganinsa zafi ta waje da zafi ta ciki: ruwan wanka, ɗaki mai garwashi, kunun kanwa mai yaji safe da yamma. Na cika shafi shida da irin waɗannan, ina jin daɗi, ina tunanin ga abin da zan rubuta a kundina na ƙarshen karatu.

A kwana na goma sha bakwai na lura Yaya ta daina kwanciya sosai. Sai ta tara matasai biyu da ƙunshin zannuwa ta jingina. Na tambaye ta, ta ce idan ta miƙe numfashinta ke tsayawa. Washegari na ga sawun takalminta ya fito a bisa ƙafarta. Da ta fito daga wanka, tafiyar da ba ta fi taku goma ba, sai da ta dafa katanga sau biyu. Da dare tana tari ƙasa-ƙasa don kada ta tayar da jaririya. Gwaggo ta duba ƙafar, ta latsa da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce, "Na hwaɗi. Sanyi ne. Ruwan ga bai zahi yadda ya kamata." Ta dube ni. Ta ce daga gobe in ƙara itace, kuma ta ƙara kanwa a kunu.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne na ƙara itacen. Kwana uku ina ƙarawa. Layin nan da na fassara da hannuna, na digiri 40 da mai ciwon zuciya, yana kaina, amma ina ganin wannan maganar Turawa ce da bahonsu, ba ta shafi tanonmu ba. Ban da haka, wace ce ni? Ban yi aure ba, ban haihu ba. A gidanmu budurwa ba ta sa baki a maganar jego, ko kalmar ma ba ta cika faɗa a gaban manya ba. Kuma na san abin da za a ce: an kai ta lakkwal ta dawo tana raina mutane.

A dare na uku na kasa barci saboda tarin Yaya. Na fita na hau tudun bayan gari inda salula ke kamawa, na rubuta alamomin da na gani. Abin da na karanta ya sa jikina ya mutu. Akwai ciwon da ke raunana zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi samun sa a duniya. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Zariya, suka danganta yawansa da kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Bayaninsu mai sauƙi ne: kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya ƙara aiki, to idan zuciyar ta riga ta gaji sai kaya su yi mata yawa. A nan Yamai, wani likita mai suna Cénac da abokan aikinsa sun wallafa a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira seleniyom. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, wanda bai samu wanka da kunun kanwa a matsayin tushen ciwon ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Wato masana ma ba su gama magana a kan asalinsa ba. Amma a kan abu biyu ba wanda ya saɓa: kumburin ƙafa da kasa numfashi a kwance bayan haihuwa alama ce ta a tafi asibiti yanzu, kuma wadda zuciyarta ta raunana ba a ƙara mata gishiri.

Da asuba ban hura wuta ba. Gwaggo ta fito ta ga murhu a sanyaye, tano a kife. Ta ce, "Mi ya hwaru?" Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, yau ba zan dafa ruwan nan ba sai an kai Yaya likita." Ta yi shiru tana kallona, sannan ta ce ita ta yi wa mata sun fi talatin wanka da wannan tanon, ba wadda ta mutu a hannunta, ni ma da shi aka gasa uwata har ta samu ƙarfin goya ni. Duk gaskiya ne, ban da abin cewa. Inna tana bakin ɗaki ba ta ce uffan ba, ɗiyar fari ce, kunya ba ta barin ta ta nuna damuwa, balle ta ja da yayar mijinta. Na tashi na je na tari Baba yana dawowa daga masallaci, abin da ban taɓa yi ba a kan maganar mata. Ban yi masa dogon bayani ba. Na ce ya zo ya saurari numfashin ɗiyarsa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya saurara, bai kai minti ɗaya ba, ya juya ya ce wa ƙanena ya ɗaura jaki.

Majon da ke gidan likita ya auna jininta, ya sa abin saurare a bayanta, ya ce ruwa ya fara taruwa a huhunta, ya rubuta takarda zuwa Dakoro. Kwana shida muka yi a can. Aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari da na hawan jini, aka ce jininta ma ya yi ƙasa. A kwana na biyu ta kwanta sosai ta yi barci, ni kuma na zauna a kan tabarma ina kallon ta kamar ban taɓa ganin mai barci ba. Likitan ya ce zuciyarta ta raunana amma an zo da wuri, ta daina kanwa, ta rage gishiri, ta riƙa dawowa awo, kuma kada ta yi saurin ɗaukar wani ciki sai an duba zuciyar a Maraɗi.

Gwaggo ce ta ba ni mamaki. A kwana na uku sai ga ta a bayan kabu-kabu, tsohuwar da ke cewa babur abin ƴan iska ne, da kwanon farfesun kaza a cinyarta. Da likita ya zo zagaye ta tare shi da kanta, ta ce, "Ɗana, wankan fa? A bar ta haka ɗanya?" Ban san ko daga ina yake ba, amma ya san yadda ake magana da tsofaffi. Ya ce, "Iya, ku yi mata wankanku, ai hutun da kuke ba su mu ma shi muke so. Amma ruwan da za ki iya tsoma gwiwar hannunki ki bar ta a ciki. In ya ƙone ki, ya fi ƙarfinta." Gwaggo ta ce ruwan jego ba a sirka shi. Ya ce to wannan karon a sirka.

Da muka dawo gida sai aikina ya sauya. Bido ɗaya da rabi kawai nake tafasawa, sauran in sirka da na sanyi, Gwaggo ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu, ta yamutsa fuska ta ce wannan ai ruwan alwala ne, sannan ta ɗauki damin ganyenta ta shiga. Itacen da muke ƙonawa ya ragu da rabi. Kunu ya koma na tsamiya. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ga duk wadda ta zo dubiya cewa take sanyi ne ya yi wa yarinyar yawa har sai da aka haɗa da na likita. Na bar ta a haka. Ni ma a waɗannan kwanakin na ga abin da ban gani ba da ina ta rubuta kalmomi a kaye. Kwana arba'in ɗin nan Yaya ba ta daka ba, ba ta je rijiya ba, ba ta je gona ba, an yanka mata kaji, ana karɓar mata jaririya ta yi barci. A rayuwar macen ƙauyenmu babu wani lokaci kuma da ake yi mata haka. Su ma likitoci mako shida suke ƙirgawa bayan haihuwa a matsayin lokacin da ya kamata a sa wa mace ido, kwana 42 ke nan, bambancinmu da su kwana biyu. Idan aka ce a jefar da tano gaba ɗaya, ina tsoron hutun ma zai bi shi, don wankan ne ke sa miji da uwar miji su haƙura da ita har arba'in.

Ranar da aka gama, Gwaggo ta koya mini aikin ƙarshe. Muka kankare tanon har ƙarfen ya fito, muka shanya shi a rana yini guda, ta shafe cikinsa da man gyaɗa don kada tsatsa ta ci shi kafin wata haihuwar, ta ɗaga shi sama tana duban gindin ko haske na shigowa ta wani wuri. Ta samu ɗan ƙaramin rami kusa da tsohon faci, ta ce a kai wa mai walda a Dakoro kafin kaka, don matar maƙwabcinmu na da wata bakwai. Muka kife shi a kan duwatsu a cikin zaure, ta rufe da tsohuwar tabarma. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, idan za a kai shi gidan maƙwabcin in ina nan in bi shi, tunda na iya sirki.

Yaya tana nan da sauƙi. Tana shan maganinta, ƴar tata ta fara rarrafe. An duba zuciyar a Maraɗi an ce tana dawowa, amma ba ta gama ba, kuma maganar tazarar haihuwa har yanzu ana kai ruwa rana da dangin mijinta. Wannan ban san yadda za ta ƙare ba.

Da na koma Yamai na nemo fassararmu ta aji na sake karantawa. Mun sha wahala a kan matata da ma'aunin tsami, abubuwan da ba wanda zai taɓa buƙata a Korahane, mun kuma samu makinmu. Amma babu takarda ko ɗaya a gidanmu, cikin Hausar da Gwaggo ke ji, da ke cewa idan mai jego ta kasa kwanciya, ƙafarta ta kumbura, tana tari da dare, a kai ta likita a ranar. Na rubuta wannan a rabin shafi, na kai wa wata ƴar'uwa da ke karatun likita ta gyara mini, na bar kalmar sanyi a ciki yadda matan ke faɗin ta, na ce irin wannan sanyin ba ya jin wuta. Na buga kwafi ashirin a inda ake buga wannan ɗan littafin namu. Goma na aika gida, ƙanena na karanta wa mata a gidajen suna. Sauran goman suna wajena. Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda zai je gida bakansin nan kuma akwai mai ciki a gidansu, ya neme ni ya karɓi ɗaya, in ya so ya mayar da shi harshen garinsu.